"Ai kowa ya sani"

Ƴan uwana mata, masu asusu na wannan gaɓa da na waccan.

Akwai wata ƴar kalma da nake so mu zauna a kanta yau. Harafi biyu ce kawai, amma a ganina ta ci kuɗin asusu fiye da ɓarawo da gobara. Kalmar ita ce "ai". Ai kowa ya sani. Ai haka ake yi. Ai bara an ci riba. Ai mutumin furoje ya faɗa. Da zarar ta shigo taro sai baki ya mutu, shugaba ta dubi masu mabuɗi, a jawo akwati tsakar tabarma.

Ni ce mai riƙe da kaye a ƙungiyarmu da ke Karaje. Mu 27 ne, Hausawa da Zabarmawa da Fulani biyu daga Lamorde, muna zama kowace Alhamis bayan la'asar, zubi dala 100. Aure ne ya kawo ni Harobanda daga Maraɗi, kuma aikin rubutun nan ya sa duk shawarar da aka yanke ta hannuna take bi. In na buɗe tsofaffin shafuka nakan ga kwanan wata, na ga kuɗin da aka fitar, na ga sa hannu da dangwale. Abin da ba na gani shi ne dalilin da ya sa muka yarda. Ba a rubuta shi, domin a lokacin kowa na ganin bai kai a faɗa ba.

Shi kansa wannan tsari da muke ciki, da ba a tsaya an binciki wani "ai" ba, da ba a haife shi ba. A da, abin da masu kawo taimako suka ɗauka shi ne macen karkara ba ta da abin ajiya, sai an kawo mata jari daga waje. A 1991 a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE, tare da wata mata ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauye ta dubi adashen da iyayenmu suka daɗe suna yi. Daga nan Mata Masu Dubara ta fito: akwati mai kwaɗo, zubin mako, ramce na ɗan lokaci, rabo a ƙarshe, babu dala ɗaya ta baƙo a ciki. Yau tsarin ya ƙetare iyakoki, ana yin sa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga mu da muka gaji wannan abu muna jin nauyin cewa "wa ya faɗa?"

Bari in ba ku labarin lambu, don shi ne ya fi koya mana.

Shekara guda bayan ambaliyar 2020, wani ma'aikacin furoje ya zo mana da shiri. Ba sai na tuna wa ƴar Harobanda abin da ya faru a farkon Satumba na waccan shekara ba: madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai alhali tun daga santimita 620 ake shiga jan gargaɗi, mutane suka kwana a azuzuwan lakwal da kayansu a ka. Huɗu daga cikinmu sun rasa ɗakuna. To, mutumin nan ya zo da kyakkyawar niyya. Za a ba mu iri da injin ban ruwa, mu kuma mu sa kuɗin shinge da taki da mai daga akwati, jika 180. Fili ma an samu, a bakin gulbi, wani bawan Allah ya ce mu ɗauka mu yi aiki. Za a shuka zogale da salati da tumatir a Nuwamba, a fara tsinka cikin sanyi lokacin da kasuwa ke so. Takardar da faransanci take, ƴata ta karanta mana. A layi na farko an rubuta cewa za a fara aiki bayan damina, lokacin da ruwan gulbi ya ja baya.

Kowa ta gyaɗa kai. Ai damina ta wuce, ai ruwa ya tafi.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu da kowa ke ce wa Inna, mijinta marigayi masunci ne, ta yi rayuwarta duka a bakin Isa. Hausarta ba ta da yawa, kuma ba ta cika magana a taro ba, zubinta take ajiyewa ta koma gefe da carbinta. Ran nan sai ta ce da Zabarmanci a tambayar mata baƙon: wane ruwan ne ya ja baya, ja ko baƙi?

Aka yi dariya kaɗan. Baƙon ya ce, "Mama, an yi bincike kafin a rubuta wannan." Inna ta ce ita ba ta ƙi bincike ba, tambaya ta yi.

Ga abin da take nufi, ga waɗanda suka zo daga tudu irina. Gulbin nan sau biyu yake cika a Yamai. Na farko shi ne jan ruwa, na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga wajen Burkina da jar ƙasa a cikinsa. Shi ne mai zuwa da fushi, shi ne ya karya mana madatsa. In ya wuce ruwa yakan ɗan sauka, mutum ya zaci an gama. Amma ruwan saman da ya zuba a duwatsun Gine yana nan tafe. Yana bi ta Bamako, ya bazu a fadamun Mopti ya yi watanni yana jan jiki, sannan ya iso mana cikin hunturu, ya kai ƙololuwarsa wajen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da ko gajimare babu a sama. Shi ne baƙin ruwa. Ba ya hayaniya, a hankali yake hawa, yau taku ɗaya gobe taku biyu. Daga nan kuma sai gulbi ya yi ta ja har bazara, ya bar yashi tsirara. Manya suna tuna 1985, shekarar da ruwan ya tsaya cak a Yamai. Wato filin da ke bakin ruwa a Nuwamba yana iya zama ƙarƙashin ruwa a Janairu, ya kuma yi nisa da ruwa a Mayu har tiyo ya kasa kaiwa.

Duk wannan ba sirri ba ne. Kowane ɗan kwalekwale ya san shi, kuma cibiyar AGRHYMET da ke nazarin ruwa da yanayi tana nan unguwarmu, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni. Yawancinmu ma mun sha tsayawa a kan gadar Kenedi cikin sanyi muna cewa "kai, gulbi ya cika bana". Sanin yana nan, haɗa shi da takardar ne ba a yi ba, saboda takarda ta zo cikin mota, da hatimi a kanta.

Shugabarmu, Allah ya saka mata, ba ta bar dariya ta kashe maganar ba. Ta ce ba a buɗe akwati yau. Aka wakilta mu uku mu bi Inna mu ga filin ranar Asabar. Da muka je sai ta kai mu gindin wata bishiya ta nuna mana zoben laka a jikinta, daidai ƙugu. Wani mai lambu da ke maƙwabtaka ya ce rabin filin na ƙasa kowace shekara sai ya nutse, kuma ya ƙara mana da abin da ba mu ma tambaya ba: dorina na fitowa da dare a wurin, shingen kara ba ya tsare ta. Muna hanyar dawowa ma'ajiyarmu ta ce, tunda an fara tambaya, bari ta ƙara ɗaya: wanda ya ce mu ɗauki filin, nasa ne? Aka bincika. Gado ne da ba a raba ba, su shida ne a kai, biyu ba sa ma ƙasar. Da mun kafa shinge mun zuba taki, zogale ya yi kyau, ranar da ɗaya ya dawo ya ce bai san zancen ba, wa za mu kai ƙara, da wace takarda?

Muka koma wa baƙon da abin da muka gani. Da farko bai ji daɗi ba, daga baya ya ce gaskiya shirin an tsara shi ne don lambunan rijiya na wani yanki, aka sauya sunan wuri. Ban riƙe shi da laifi sosai ba, shi ma aiko shi aka yi, kuma ya yarda aka sake lissafi. Muka ƙare da ɗan fili a tudu bayan gidan ɗaya daga cikinmu, bai kai kashi uku na wancan ba, da takarda gaban mai unguwa da shaidu. Zogale kaɗai muka sa. Ribarsa ba ta sayi mota ba, amma masu dambu da kopto na unguwa suna zuwa da kansu.

Kada in yi muku kwalliya. Wancan filin wani ya karɓe shi. Cikin Janairu ruwa ya cinye rabinsa na ƙasa kamar yadda Inna ta ce, amma a rabin sama ya samu tumatir mai kyau, mun gani da idonmu. Har yau akwai ƴan ƙungiyarmu biyu da ke cewa tsoro ya sa muka yi asarar arziki. Ni ina ganin shi namiji ne guda da kuɗinsa, in ya faɗi shi kaɗai ya faɗi. Mu kuɗin mata 27 ne, a ciki har da na mai tallan fari masa da take haɗa dala 100 ɗinta da ƙyar.

Ƴata da ke jami'a ta ba ni labarin wani famfo da aka yi yayi a kudancin Afirka, PlayPump, mai kamar lilon yara: yara na juya shi suna wasa, ruwa na hawa tanki. A 2006 har gwamnatin Amurka ta sa hannu da miliyoyin daloli. An ɗauka ai yara ba sa gajiya da wasa. Ashe suna gajiya, kuma suna zuwa makaranta, sai ga iyaye mata da tsofaffi suna tura lilo da hannu don su sami ruwan girki, a wasu ƙauyukan ma an cire musu famfon hannun da suka saba da shi. Na ce mata da an zaunar da uwa ɗaya an tambaye ta ƙarfe nawa take ɗibar ruwa, da ta tanada musu miliyoyin.

Na biyu shi ne zancen firigo, kuma shi ya fi wuya domin a nan babu baƙo, mu-ya-mu ne.

Farkon 2023 wata Hajiya daga cikin manyanmu ta kawo shawarar mu sayi babban firigo na ƙungiya, a riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da lemun hari. Azumi na tafe a ƙarshen Maris, tsakiyar zafi. Ta ce, "Ai ƙanƙara ba ta kwana cikin azumi, wata guda mun maida kuɗinmu." Gaskiya ta faɗa, duk wadda ta yi azumin Afrilu a Yamai ta san layin da ake yi gaban gidan mai ƙanƙara kafin magariba. Tana so a sa kusan duk abin da ke akwati a sayi mafi girma.

A nan ne na ga abin da ke ɗaure mana harshe. Hajiya ta haifi wasunmu a shekaru, ta yi wa da yawa alheri, ranar suna da ranar rasuwa ita ce ta farkon zuwa. Ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce "Hajiya, in aka ɗauke kuran fa?" sai a ji kamar rashin kunya. Ga kuma abin da ya fi wannan: a wurinmu wadda ta ambaci faɗuwa kafin a fara, cewa ake tana yi wa abu baki. "Ke dai ki yi fatan alheri." "Kar ki ja mana." Wata ma a ce hassada ce. Sai mace ta haɗiye tambayarta, ta fita ƙofa ta faɗa wa ƙawarta a hanya, inda ba ta da amfani. Ni ban ga saɓani tsakanin fatan alheri da lissafi ba. Mai tafiya Torodi yana cewa in Allah ya yarda, kuma yana duba man da ke cikin babur.

Tun bayan lambu mun riga mun sa wata doka: duk shawarar da za ta ci fiye da jika 50, ba a buɗe mata akwati ranar da aka kawo ta. Sai ta kwana bakwai. Kuma kowane wata akwai mace ɗaya da ke riƙe da aikin tambaya, bi da bi kamar yadda ake karɓar adashe. Ita ba ra'ayinta take faɗa ba, aiki ne aka ɗora mata, don haka babu mai jin haushinta, wata mai zuwa wata ce. A wannan watan kuwa aikin ya faɗo kan amarya, ƙaramarmu duka. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki yi mani aikin gafara, wanga aiki ne munka ɗora wa juna." Sannan ta fara. A gidan wa za a ajiye? Kwantar wutar gidan za ta ɗauka? Takardar wuta in ta zo, yaya za a raba tsakanin na gida da na ƙungiya? Wa zai tashi da asuba ya ɗaura leda? In ya lalace wa ya san mai gyara? Sai ta kawo wadda ba wanda ya yi tunaninta: azumi ba a wuri ɗaya yake tsaye ba, kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Bana ƙarshen Maris, baɗi tsakiyarsa, nan da ƴan shekaru cikin hunturu za a yi shi, lokacin da mutane ke neman kunu mai zafi. Firigo kuwa ba na shekara ɗaya ake saya ba. In lissafinmu duka a kan azumi ya tsaya, ya tsaya a kan abin da ke tafiya.

Hajiya ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce yarinyar nan sai a kai ta majalisa.

An sayi firigo, amma matsakaici, da kashi ɗaya cikin uku na akwati, aka bar sauran don ramce. Azumin ya yi kyau ƙwarai. Sai 26 ga Yuli ta zo, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar nan ke amfani da shi. Kun san sauran. Wuta ta zama baƙuwa, ta zo ta tafi, ƙanƙara ba ta kamawa, zoɓo na tsami. Iyakar Benin ta rufe, shinkafa da mai suka yi tsada, mata suka yi ta neman ramce don tukunya kawai. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Duk tsawon watannin nan firigonmu ya fi zama kabad. Abin da ya riƙe mu shi ne kashi biyun da ba mu taɓa ba: babu wadda ta zo neman ramce aka ce mata akwati babu kowa.

Ba wadda za ta ce ta hango juyin mulki, amarya ma ba ta hango shi ba. Abin da ta tambaya ƙarami ne, in babu wuta fa? Dalilin rashin wutar ba namu ba ne, amma adadin kuɗin da za mu ɗora a kan wuta namu ne, kuma a kansa muke da iko.

Wannan "ai" ɗin yana shiga har wajen ba da ramce. Ai mijinta ma'aikaci ne, za ta biya. Ai wance ba ta da kowa, a rage mata. Kayen da ke hannuna ba haka yake faɗa ba. Albashin miji ba ya zuwa taron Alhamis. Mai ƙosai da ke juya kuɗinta kullum ta fi saurin maidowa. Yanzu abin da muke tambaya shi ne me za ki yi da shi, yaushe kuɗin zai fara dawowa, kuma ke za ki riƙe shi ko wani za ki miƙa wa.

Dokar kwana bakwai ma tana da tsadarta, dole in faɗa. Wata kaka an kawo mana wake da araha, mai shi na sauri, muka ce sai Alhamis mai zuwa. Kafin Alhamis wani ya kwashe, farashi ya hau. An yi gunaguni sosai, kuma masu gunagunin suna da hujja. Tambayar da ba ta da ranar ƙarewa ita ma hanya ce ta ƙin yin komai, akwai ƙungiyoyin da na sani da kuɗinsu ke kwance shekara da shekaru suna "nazari". Abin da muka gyara shi ne, in abu na gaggawa ne shugaba na iya kiran taro cikin kwana biyu, amma mai tambaya sai ta yi tambayarta, kuma sai an aiki ƙafa ta je ta gani. Jin labari daga bakin mai sayarwa ba ya cikin gani.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan Harobanda musamman: taronmu da harshe biyu ake yi, wani lokaci uku. Mai fassara takan taƙaita, ta bar abin da take ganin ba shi da muhimmanci. Mace ta gyaɗa kai, a rubuta ta yarda, alhali ladabi ne kawai take yi. Da tambayar Inna ta faɗa hannun mai gaggawa, da an ce "tsohuwa na zancen ruwa ne" an wuce. Yanzu kafin a ɗaga hannu, sai an sa mace ɗaya daga kowane harshe ta maimaita shawarar da bakinta, da adadin kuɗin, yadda ta fahimta. Sau biyu muna kama bambancin jika da dala ta wannan hanya.

Na kuma ƙara shafi a kaye. Gefen kowace shawara ina rubuta abin da muka dogara a kai, da wadda ta faɗa, da ranar da ta gani da idonta. In lokacin rabo ya zo mukan karanta shi kafin a ƙirga kuɗi. Wani abin ya tabbata, wani ya ba mu dariya.

Yanzu haka shawarar da ke gabanmu ita ce injin niƙa. An ce ai unguwarmu babu, mata na tafiya da kwano har bakin kasuwa. Mai tambayar wannan wata Bafulatana ce, ta riga ta ce tana so ta san dalilin da ya sa wanda ya taɓa kafa inji kusa da masallaci ya rufe, mutum biyu sun tafi neman sa. Wasu biyu za su zauna bakin injin kasuwa ranar Talata da ranar Asabar su ƙirga kwanon da ke shiga daga safe zuwa azahar. Abin da ya rage mana shi ne kuɗin gazuwal da na sassaƙa dutse a wata, da abin da ake ba yaron inji. In akwai ƙungiya a Kirkisoy, Sagiya, Banga Bana ko Nogare da ta taɓa riƙe inji, ko ta ci riba ko ta faɗi, muna roƙon ku aiko mana mace ɗaya ranar Alhamis bayan la'asar, ta zo da kayenta. Kuɗin taksi muna biya.